Tambayar Douwe

Shekara talatin da ɗaya Douwe Hiemstra ya yi
yana buɗe wa jiragen ruwa ƙofa a Harlingen.
Ya san sa'ar da teku zai tumbatsa, ya san sa'ar janyewa,
tun Janairu ake buga su a takarda
kuma teku bai taɓa saɓa alkawari ba.
Yau maɓallin riga ya gagari yatsunsa.
Matarsa Aukje ce ta ɓalle masa, tana kallon taga.

Ya ce, Likita, faɗa mini gaskiya,
wannan ruwan zai yi mini aiki?

Na ɗaga kai na dubi kwalbar da ke rataye.
Mutum dubbai ne a cikinta,
ɗalibi, direban tirela, wata mai gasa burodi a Leeuwarden,
kowa ya miƙa hannu an ɗibi ruwan jininsa
ya sha shayi ya hau kekensa ya tafi.
An tace garkuwarsu, an tara,
ga ta tana ɗiga, ɗis, ɗis,
za ta shiga ta yi wa garkuwar Douwe magana
ko ta daina cin rigar jijiyoyinsa
kamar yadda gara ke cin azara.

Abin da na sani na shimfiɗa masa.
Na sa wa ƙafarka lantarki, ka ji kamar minjirya,
saƙon yana tafe, sai dai tafiyar hawainiya.
Wayar na nan, rigarta ce ta zube: wannan alheri ne.
Ciwon bai kai shekara ba: shi ma alheri ne.
Jininka babu wata alama da nake tsoro,
wadda in ta bayyana kwalba goma ba sa motsa komai.
Amma tsokar da ke gindin babban yatsanka ta fara ramewa,
wannan ban so ganinta ba.
Na zuba duka a kwamfuta, ta ce bakwai cikin goma.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Bakwai cikin goma!
Da haka nake buɗe ƙofar ruwa
da tuni Harlingen ta kwana a ƙarƙashin teku.

Ban gaya masa labarin Tjitske ba,
wadda ta zauna a wannan kujera bara.
Tara cikin goma na ba ta, ina murmushi.
Wata shida muna ɗura mata, ƙafa ba ta amsa ba,
sai da muka sake hanya.
Har yau in na hango sandarta a baranda
sai lissafina ya yi mini nauyi a aljihu.
Kirdado ne da ya je makaranta,
ya fi canki-canka, bai kai sani ba.

Mako uku, ya dawo. Mako uku kuma.
Na ba shi ƙwallon roba ya matse,
allurar ma'auni ta rarrafa daga talatin da ɗaya
ta tsaya a talatin da shida.
Ƙa'ida ta ce sai an ƙara takwas kafin a kira shi sauƙi.
Biyar ba ta isa in rubuta ba.
Ta yiwu barci ya yi mai kyau,
ta yiwu ɗakin ne ya fi ɗumi yau.

Aukje ta ce, ku bar ƙwallon nan.
Jiya na shiga kicin na tarar ya ɓare ƙwai,
ya farfasa shi, rabi a ƙasa,
amma shi ya ɓare.

Na nemi gurbin ƙwai a takardar, babu.
Na rubuta a gefe da fensir.

Douwe yana kokawa da maɓalli na biyu,
bai ɗago ba ya ce,
To Likita, ruwa na shigowa ne ko fita yake?
Na ce, ban sani ba tukuna. Ka dawo ran Talata ta uku.
Ya ce, ran nan ƙarfe goma da kwata teku zai cika.
Ki duba ki gani.